Gayya a Gonar Gwaji

Arziki ɗan Yaro bai shiga lakwal, makarantar boko, don wani yana son ya yi karatu ba. Shekarar da sufurefe, mai mulkin yankin, ya aiko a ba da yara daga Kukar Ɗan Azumi, wani ɗan ƙauye da ke bayan tabkin Madarunfa, kowane gida ɓoye nasa ya yi. Wasu aka cusa su cikin rumbu, wasu aka tsallakar da su iyaka wajen dangi. Yaro ya dubi 'ya'yansa maza, ya ga Arziki ne mai tari duk damina, wanda in ya riƙe haiwa a gona sai ka rasa wa ke jan wani, ya ce to, a tafi da wannan. Uwarsa Turai ta yi kuka har muryarta ta dishe. Shi kuwa yaron ko a jikinsa, don an ce masa a lakwal ana ba da biskit.

Biskit dai bai gani ba, amma kai ya ɗauki karatu. Ya gama firamare a Madarunfa, ya wuce kwaleji, ya wuce lise a Maraɗi. A can ne ya fara salla tare da abokan ɗakinsa. Gidansu gidan Arna ne, masu bin addinin kakanni, kuma Yaro mutum ne da ba ya shuka sai ya yanka jan zakara a gindin gawon da ke kusurwar gandu, inda ya kife wata tsohuwar tukunya. Da aka tsegunta masa ɗansa ya koma bin liman, bai ko ɗaga kai daga igiyar da yake tufkawa ba. Cewa ya yi yaro yana zaune cikin baƙi, dole shi nemi abin da za shi tsare shi, ya ci gaba da tufkarsa.

Abin da ƙauye ya kasa haɗiyewa shi ne ranar da aka ji Arziki ya ci bak, jarrabawar ƙarshen lise, zai tafi jami'a a Yamai, kuma wai noma zai karanta. Noma! Har Yamai! Tsofaffi suka yi dariya har da hawaye. Wani ya ce a ba shi kuɗin motar, shi zai koya wa yaron a bayan gida kafin azahar. Arziki ya yi murmushi, ya ɗauki jakarsa ya tafi, yana ganin shekara kaɗan ce zai dawo da abin da zai rufe musu baki.

Allah sarki, a mugun lokaci ya faɗa jami'ar. Yau ɗalibai na yaji, gobe malamai, jibi an rufe ƙofa kowa ya kama gabansa. Sau biyu ana soke musu shekara ɗungurungum, a ce karatun da aka yi ba a yi shi ba, a sake daga farko. Waɗanda suka zauna benci ɗaya da shi a kwaleji suka zama 'yan duwan, masu karɓar kuɗin fito a iyaka, a Ɗan Issa, suka yi tumbi, suka yi iyali. Larai, yarinyar da ta ce za ta jira shi, ta jira iyakar jira, sannan ta auri wani direba mai zuwa Katsina, kuma ba wanda ya ga laifinta, har shi kansa. Duk hutu sai ya dawo gida da riga ɗaya da ledar takardu, a tambaye shi, "An gama?" ya ce saura kaɗan. Tun ana tambayarsa har aka gaji aka daina.

Sai a 1996 ya kai ga metiriz, matakin da ɗalibi zai yi bincike da hannunsa ya rubuta littafi a kai. Bayan shi sai doktora, kuma nan ne idon Arziki yake. A fanninsa ba a yin doktora a ƙasar a wancan zamani, dole sai wani babban malami na waje ya ce ya karɓe ka, sannan a ba ka bursu, kuɗin da za ka zauna da shi can. Masu ba da bursun kuma ba su ɗaukar wanda ya cika talatin. Arziki yana da ashirin da tara a takarda. Malaminsa, Mushe Hamisu, wani dogo mai saurin fushi da saurin hucewa, ya kira shi buro, wato ofishinsa, ya ce masa akwai wata farfesa a Dakar da ke aiki a kan ƙuduji, ciyawar nan mai jan fure da ke maƙale wa saiwar hatsi ta tsotse shi. Gurbi ɗaya gare ta. In Arziki ya yi gwaji a gona wannan daminar, ya kawo awon abin da aka girbe kafin shekara ta fita, gurbin nasa ne. "In ka kuskure wannan," in ji Mushe Hamisu, "kada ka zo mini da kuka, don ba ni da wata shekarar da zan ara maka."

Haka Arziki ya sauka gida gabanin ruwan shuka, ya roƙi ubansa ɓangaren gandun da ƙuduji ya cinye. Yaro ya ba shi da murna, don da ma wajen ya ishe shi. Arziki ya yanka wurin gida-gida kamar gidajen dara, ya kafa turaku a kusurwar kowane gida, ya shafa musu jan fenti da lamba, ya ɗaure igiya daga wannan zuwa wancan. Iri ɗaya ya shuka ko'ina, zango, irin da kowa ke shukawa. Bambancin yana cikin ƙasa: wani gidan ya sha takin shanu, wani takin zamani, wani an sa wake tsakanin kunyoyi, wani kuma an bar shi haka nan. Ranar girbi za a yanke kowane gida dabam, a sa a buhunsa dabam, a sussuke, a ɗora a kilo. Duk wahalar daminar don wannan awon ce, a san wane gida ne ya fi ƙarfin ƙuduji.

Yaro ya zo ya tsaya bakin gonar, hannu a baya, ya daɗe yana kallon turakun. Ya durƙusa ya shafa jan fentin da yatsa, ya shinshina.

"Ja ne ma," ya ce, yana gyaɗa kai. "Ashe ku ma da ja kuke aiki."

"Baba, ba abin da kuke zato ba ne. Gwaji ne. Kowane turke alama ce, don in san..."

"Bari, bari. Na gane," Yaro ya ɗaga hannu. "Namu ma ba a faɗin sirrinshi. Kai dai yi abinka, ba mai taɓa maka."

Rana ta take, bayansa na ciwo, ga sauran turaku ba a kafa ba. Ya ga tunda dattijon ya ɗauki abin a matsayin maganin gona na 'yan boko, ai ma ya fi, ba yaron da zai kuskura ya tuge masa turke ya yi wasa da shi. Ya bar zancen nan, ya koma ga aikinsa.

Daminar ta yi kyau, shi ne dai bai ji daɗinta ba. Kullum yana sunkuye cikin hatsi yana ƙidayar ƙuduji gida bayan gida, sauron tabki na cinsa ta cikin riga, tafin hannunsa da ya saba da biro ya fashe ya warke ya sake fashewa. 'Yan'uwansa kan gama noma su zauna inuwa suna masa tsiya, wai ga manomin Yamai yana gaida ciyawa ɗaya bayan ɗaya. Turai kan aiko masa da fura, kwanon ya dawo da rabi. Ta ce wannan wane irin karatu ne da ke ramar da mutum kamar mai jinya? Shi kansa akwai safiyar da yakan farka ya ji ba ya son ganin gonar, ba ya son jin sunan Dakar, so yake kawai a ce wani abu ɗaya a rayuwarsa ya ƙare ya huta. Sai ya sa takalmin robarsa ya fita.

Hatsi ya fid da kai, ya yi bunni, ya fara nuna. Ana cikin haka wani direban kamyo, babbar motar kaya, ya kawo saƙo daga Mushe Hamisu: farfesar Dakar za ta biyo ta Yamai, tana son ganin ɗalibin ido da ido. Arziki ya sami ubansa ya ce, "Baba, mako guda zan yi. Don Allah kada kowa ya shiga gonar nan sai na dawo."

"Ko akuya ba ta shiga," in ji Yaro. "Tahi lafiya."

Mako gudan nan ne ya miƙe. Baƙuwar ba ta iso ranar da aka ce ba, aka yi ta ɗagawa, shi kuma yana kwana a tabarmar wani abokinsa yana lissafin hatsinsa a zuci. Da ta iso, ganawar ta yi kyau ƙwarai. Dattijuwa ce mai fara'a, ta yi masa tambayoyi, ta ji ƙidayar ƙudujinsa, ta ce aikin ya burge ta, abin da ya rage mata awon girbi ne kawai, ya aiko shi ta sa hannu. Arziki ya fito buron ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Washegari zazzaɓin sauron tabki ya kayar da shi warwas, ya yi kwanaki bai san inda kansa yake ba. Kafin ya iya tsayuwa ya shiga motar Maraɗi, wata ya kusa cika.

Da hantsi ya sauka Madarunfa, ya kama hanyar ƙauye a ƙasa, jiri na ɗibarsa. Duk gonakin da ya ratsa an girbe su, sai kara kwance. Bai nufi gida ba, ya karkata wajen gandu. Ya hango gawon, ya hango tukunyar ubansa, ya duba inda ya kamata ya ga hatsinsa tsaye. Fili ne fetal. Ba zangarniya ko ɗaya, ba igiya, ba turke, an sassabe karan an tara gefe guda, har an share wurin tas kamar za a yi biki. Ya zaga yana neman ramukan turakun, ya tarar ƙafafun mutane sun tattake su. Sai ya zauna a ƙasa.

A ƙofar gida ya iske Yaro, ya sa rigarsa ta zuwa kasuwa, fuskar nan kamar an yi masa bushara. Tun kafin a gama gaisuwa ya kama hannun ɗansa ya ja shi bayan gida. Ga dammai nan jibge, an ɗaure su ɗauri mai kyau, an jera a kan itace don kada gara ta taɓa, tsibi guda ya fi tsayin mutum.

Dattijon ya shiga ba da labari, yana yi yana dariya. Ya ce ya jira, wallahi ya jira. Kowa ya girbe nasa, gonar Arziki kaɗai ta rage tsaye a duk karkarar, sai tsuntsayen bakin tabki suka gane ta. Da asuba suke sauka kamar hadari. Shi da kansa, da tsufansa, ya riƙa kaɗa gwangwani yana ihu daga safe har faɗuwar rana, har muryarsa ta tafi. Mata kuma sun fara magana a bakin rijiya, wai gidan Yaro ba maza, hatsi na zubewa a gona. Sai ya tuna ɗansa ya ce manyan can so suke su ga yawan hatsin da gonar za ta ba da. To in tsuntsu ya cinye, mi za a nuna musu? Nan ya kira gayya. Ya yanka bunsurunsa, wanda yake ajiye da shi don bikin kaka. Turai da matan gida suka dafa giya, suka dama fura saboda masu salla. Aka kira mai ganga. Samari suka zo har daga Safo, kafin rana ta take an gama, ba a taɓa gayya irinta a Kukar Ɗan Azumi ba.

"Turakun fa?" in ji Arziki.

"A'a, ka ji ka! Ni zan wulaƙanta maka kayan aiki?" Yaro ya shiga bukkarsa ya fito da wani ƙunshin tabarma, ya kwance a hankali. Ga su nan duka, an goge musu ƙasa, an naɗe igiyar a gefe. "Da hannuna na tuge su tun kahin kowa shi shiga. Magani in ya gama aikinshi ba a bari a tsallake shi. Kuma ya yi aiki, Arziki, na sallama muku. Wajen da ko dami uku ba mu samu, dubi abin da ya ba da."

Arziki ya dubi dammai. Zango ne duka, kai ɗaya, launi ɗaya. Na takin shanu yana rungume da na wake, na takin zamani yana cikin wanda ba a sa wa komai ba, kuma duk duniya ba mai iya raba su. Ya ji kamar ya kurma ihu, ya watsar da tsibin nan, ya tambayi tsohon wa ya aike shi. Ya juyo da niyyar haka. Sai ya ga wuyan dattijon ya zama igiya, ya ga leɓensa a tsattsage saboda ranar da ya sha yana korar tsuntsu, ga shi tsaye yana jiran a ce masa sannu kamar ƙaramin yaro.

"Sannunku da aiki, Baba," ya ce. "An gode."

Al'ada ce wanda aka yi wa gayya ya bi gida-gida ya yi ban gajiya. Da la'asar Arziki ya bi, yana durƙusawa gaban kowane mai gida yana godiya. Kowa sai ya ba shi labarin yadda ya yi yanka kamar inji, wani ya nuna masa inda wuƙa ta yanke shi. Waɗanda suka yi masa dariyar noman Yamai yanzu cewa suke baɗi a kafa musu jan turke su ma. Ya yi ta cewa madalla, madalla, har bakinsa ya bushe. Da ya dawo Turai ta dube shi ta ce fuskar nan ba ta mai murna ba ce. Ya ce zazzaɓin ne bai sake shi ba.

Da ya koma Yamai, abokinsa ya ji labari, cewa ya yi, "Kai ma dai da wauta. Wa ya je gonar? Ka san gidajen da suka fi kyau, zauna ka rubuta lambobi, a wuce wurin." Kada a ce Arziki waliyyi ne, ya zauna ɗin, ya ɗauki biro. Ya rubuta na gida ɗaya, ya rubuta na biyu, sai ya tsaya. A idonsa gidajen wake sun fi, amma na takin shanu ma zangarkunsu sun yi kauri, kuma ido yana ƙarya, shi ya sa ake awo. Damina guda ya yi a sunkuye don ya san amsar nan, ga shi bai sani ba, kuma in ya ƙaga, shekarun Dakar duka a kan abin da ya ƙaga zai gina su. Ya ji ba shi da ƙarfin ɗaukar wannan kayan. Ya yaga takardar, ya je ya faɗa wa Mushe Hamisu gaskiya.

Mushe Hamisu ya buga tebur, ya zagi gayya, ya zagi ganga, ya zagi tsuntsaye, sannan ya zauna ya dafe kai. Ya rubuta wa farfesar yana roƙo. Ta amsa da kalmomi masu daɗi, ta ce ta yi baƙin ciki, amma ba awo ba ta da abin da za ta nuna wa masu bursu, kuma ba za ta bar gurbin ya tafi a banza ba. Aka ba wani. Arziki ya haɗa littafinsa da ƙidayar ƙuduji kaɗai, aka ba shi metiriz ba yabo ba fallasa. Kafin wata damina ta zagayo ya cika talatin.

Ya dawo Madarunfa ya kama koyarwa a kwaleji, yana koya wa yara sassan fure da yadda iri ke tsira. Ya yi aure, ya sayi keke, ya zama mutum mai shiru wanda ba ya son doguwar magana. Hatsin gayyar kuwa gidan Yaro suka ci shi har bazara, kuma ya yi tuwo mai daɗi.

A bazarar ne ya je ƙauye ya iske ubansa zaune a inuwar rumbu. Dattijon ya bari aka gama gaisuwa, ya kori jikoki, sannan ya ce, "Na ji an ce ba ka tahiya Dakar ɗin."

"Haka ne, Baba. Wani aka ɗauka."

"Hatsin ne bai ishe su ba."

"Ya isa, Baba. Ba wannan ba ne."

"Kada ka rufe ni, ni ba yaro ba ne." Yaro ya kawar da kai, muryarsa ta yi ƙasa. "Na san abin da tsuntsayen nan suka ci. Da idona na gani. Ka ce kada a shiga, ni kuma na zauna ina jiranka kamar wawa, hatsi na ƙarewa. Da na kira gayyar nan tun makon farko, da dammai sun ninka haka, da yanzu kana can. Ni na cuce ka, Arziki."

Ga gaskiya nan a bakin Arziki, kalma kaɗan ce. In ya faɗa, tsohon zai san ba jiran ba ne, bunsurun ne, da gangar, da hannunsa da ya tuge turaku, ranar da ya fi alfahari da ita a duk tsufansa. Ya auna wannan, ya auna wancan, ya ga wanda dattijon ke ɗauke da shi yanzu ya fi sauƙi.

"Ba laifinku ba ne, Baba," ya ce. "Tsuntsayen sun yi yawa bana."

Yaro bai yarda ba, kuma bai taɓa yarda ba. Shekara uku ya ƙara a duniya, kuma duk baƙon da ya zauna da shi sai ya ji labarin ɗansa da ya kusa zama dokta, da yadda shi uban ya yi nawa wajen kiran gayya. Sau da yawa Arziki yana zaune a wurin ake ba da labarin. Yakan sunkuyar da kai ya saurara har ƙarshe, bai taɓa gyara masa ko kalma ɗaya ba.